Darasi: Yadda Wayarka Za Ta Taimaka Wa Mutanen Karkara Su Gane Sakamakon Gwajin Cuta

Darasinmu na yau ba na sabuwar waya ba ne, ba kuma na dabarar rage shan data ba. Aiki ne da tsohuwar Tecno ko Itel ɗin da ke aljihunka za ta iya yi, ko da sikirin ɗinta ya tsage.

Idan kai ne mai karatun boko a gidanku, ka san wannan yanayin. Kawunka ya dawo daga asibiti ko kemis, ya miƙo maka 'yar takarda, ya ce, "Duba mini nan, me suka ce?" Ka duba ka ga an rubuta MP da alamar tarawa, ko wasu lambobi irin 1:160, ko kalmar Negative da rubutun da ko mai shi sai ya yi da gaske zai karanta. Shi dai an ɗebi jininsa, ya biya kuɗi, amma bai san abin da aka gano ba. Malamin asibitin da ya yi gwajin yana da layin mutane a ƙofa, ya yi bayani cikin minti ɗaya da Hausa gauraye da Turanci, kawu ya ce "to", ya fito. Abin da zai yi bayan nan, ya sayi magani ko ya bari, ya koma gona ko ya koma asibiti, duk ya rataya a kan abin da ya fahimta a wannan minti ɗayan.

Abin da za mu koya shi ne yadda za ka haɗa 'yan hotuna kaɗan a cikin folda guda, waɗanda za su sa mutumin da bai iya karatu ba ya ga sakamakonsa da idonsa. Tun daga farko a sani: wayar ba ta gwaji, kai ma ba likita ba ne. Ma'aikacin lafiya ne ke yin gwaji, shi ke faɗin sakamako, shi ke rubuta magani. Naka aikin tafinta ne.

Me ya sa Kura da Bunkure?

Na ɗauki wannan yanki misali ne saboda cututtukan da aka fi gwadawa a can suna da alaƙa da abin da ke ciyar da mutane. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma daga ita ake sako ruwan da ke bin manya da ƙananan kanal zuwa gonakin Bunkure, Kura da Garun Malam, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Kashin farko na aikin an tsara shi ne a kan kimanin hekta 22,000. Shinkafar da ake turarawa ake cashewa a Kura, tumatirin Kadawa da na kasuwar Kwanar Gafan, alkama da albasa da masarar rani, duk albarkacin wannan ruwa ne.

Sai dai ruwan da ke kwance a fangalin shinkafa sauro na hayayyafa a cikinsa, har a watannin da wasu garuruwan suka huta da shi. Ruwan kanal mai tafiya a hankali, mai ciyayi a gefe, shi ne kuma gidan ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Ba za ka ce wa mai dashen shinkafa ya daina shiga ruwa ba, domin a nan abincinsa yake. Ga kuma 'yan ci-rani da ke zuwa ƙwadago daga wasu jihohi, waɗanda ba su san kowa a asibitin garin ba, kuma yini guda a kan layi yana nufin asarar kuɗin aikin yini. Irin waɗannan mutane sau ɗaya suke zuwa. In ba su gane ba a zuwan farko, shi ke nan.

Wayar da kai da hoto ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun kalli majigi a ƙofar fadar hakimi, ana nuna musu finafinan tsafta da rigakafi. Da aka tashi yaƙi da kurkunu, ma'aikatan ƙauye kati suke yawo da shi mai hoton tsutsar tana fitowa daga ƙafa, suna tambaya ko an ga mai irin wannan. Najeriya da ta ƙirga masu cutar sama da 650,000 a ƙarshen shekarun 1980, ta samu shaidar rabuwa da ita daga Hukumar Lafiya ta Duniya a 2013. Tef ɗin auna damtsen yara mai launin ja, rawaya da kore shi ma wannan dabarar ce: uwa ba ta buƙatar sanin santimita, ta ga ja ta san tamowa ta yi tsanani. Bambancin kawai shi ne yanzu majigin yana aljihunka.

Kati na farko: layi ɗaya ko layi biyu

Mu fara da gwajin zazzaɓin cizon sauro na nan-take, wanda ake kira RDT, tunda shi aka fi yi. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa gwaji kafin a ba da maganin maleriya, kuma Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya. Binciken ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 22 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 da aka duba da madubin likita.

Abin gwajin 'yar farar roba ce mai tsawon ɗan yatsa. Ana huda yatsa, a ɗiga jini kaɗan a rami ɗaya, a ɗiga wani ruwa a ɗayan, a jira minti 15 zuwa 20 gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta a kwalin. A jikin tagar akwai haruffa biyu, C da T. Layin da ke fitowa a wajen C ba ya maganar cuta ko kaɗan, yana nuna cewa abin gwajin ya yi aiki, kamar 'yar fitilar da ke kamawa a jikin caja. Layin T shi ne na cutar. Ni yadda nake tuna wa mutane: C, "cikakken gwaji", T, "tana nan".

Sakamakon uku ne, kuma hotuna uku kake buƙata. Layi a C kaɗai: ba a ga maleriya ba. Layi a C da T: an ga maleriya, ko da layin T ɗin ya yi dishi-dishi kamar zai ɓace. Babu layi a C: gwajin ya lalace, sai an sake da sabo, ko da T ya fito raɗau. Ka lura akwai samfurin da ke da layi uku, domin yana rarrabe nau'in ƙwayar cutar, don haka ka ɗauki hoton irin wanda asibitin garinku ke amfani da shi, ba wanda ka tsinta a intanet ba.

Wajen ɗaukar hoton, je ka sami ma'aikacin lafiyar da kuka saba, ka gaya masa abin da kake son yi, ka roƙi izini. Kada ka taɓa robar da hannunka, jinin wani ne a ciki. Shi zai ɗora maka ita a kan farar takarda, ya rufe inda aka rubuta suna ko lamba. Ku tsaya a inuwa mai haske, kamar bakin taga, ba cikin rana ba. Kashe filashi, domin yana sa tagar ƙyalli ta ɓoye layin. Kashe duk wani tsarin kyamara mai gyara fata ko ƙara armashin launi, don shi ne ke goge layi mai dishi-dishi ko ya ƙirƙiro inuwar da babu ita. Ja wayar baya kamar taƙi ɗaya, taɓa tagar a sikirin don kyamarar ta mayar da hankali a kanta, sannan ka ɗauka. A ɗauka a cikin lokacin karantawa. Robar da ta yini a ajiye takan fitar da wani layin bogi bayan ta bushe, shi ya sa ma'aikatan kirki ke saita agogo, kuma agogon wayarka zai iya yi musu wannan aikin.

Yanzu gyara. Ba sai ka sauke komai ba: buɗe WhatsApp, shiga wajen tura wa kanka saƙo, zaɓi hoton, kafin ka tura za ka ga alamar fensir da ta rubutu a sama. Datse hoton ya rage robar kaɗai, zana kibiya mai kauri zuwa layin, rubuta kalma biyu ko uku. Wanda yake son aiki mai tsafta ya yi amfani da PixelLab, da yake tana aiki ba data, ko Canva in akwai data. Ka zaɓi fili mai kusurwa huɗu daidai, 1080 da 1080, farin bango, baƙin rubutu babba. Idan ƙ, ɗ da ɓ suka koma akwatuna, salon rubutun ne bai san su ba, canza zuwa Noto Sans ko Andika. A Gboard, in ka ƙara Hausa cikin harsuna, za ka samu haruffan cikin sauƙi.

Ga inda mutane ke kuskure. Kada ka rubuta Positive ko Negative. Wanda ya ɗan ji Turanci ya san kalmar farko da alheri, ta biyu da sharri, a gwajin cuta kuwa abin a juye yake. Rubuta "An gani" da "Ba a gani ba". Kada kuma ka dogara da launi kaɗai, ja da kore, domin akwai mazan da ba sa rarrabe su sosai, kuma a cikin rana sikirin mai arha yana wanke launi. Haɗa launi da siffa: sauro a cikin da'ira, da sauron da aka soke da gicciye.

Katin da na fara yi, na cika shi da kaya: ga sauro, ga gidan sauro, ga ƙwayar magani, ga jimla uku. Na nuna wa wata gwaggota ba tare da na ce komai ba, na tambaye ta me ta gani. Ta daɗe tana kallo, ta ce tallan gidan sauro ne. Robar gwajin da na yi katin dominta ko kallonta ba ta yi ba. Tun daga ranar, kati ɗaya magana ɗaya.

Abin da ke biyo bayan layin

Sakamako ba ya ƙarewa a "an gani" ko "ba a gani ba". Tambayar da ke zuciyar mutum ita ce, to yanzu me zan yi? Don haka kowane kati yana da ɗan'uwansa.

Na "an gani" mai sauƙi ne. Maganin da aka fi bayarwa ana shan sa sau 6 a cikin kwana 3: na farko, na biyu bayan awa 8, sannan safe da dare na kwana biyu, tare da abinci mai ɗan maiƙo ko madara. Zana gidaje shida da rana da wata. Saƙon shi ne a shanye duka, kada a ajiye ragowa don ƙanin yaro saboda jiki ya yi sanyi a kwana na biyu. Yawan ƙwayar da za a sha a lokaci guda ya danganta da nauyin mai shan, wannan kada ka saka shi a kati, ka bar wa ma'aikacin lafiya.

Na "ba a gani ba" ya fi wahala, kuma a ganina shi ne kati mafi muhimmanci a foldar. Uwa ta kawo yaro jiki kamar garwashi, an ce mata babu maleriya. Abin da kunnenta ya ji shi ne an ce ɗanta lafiyarsa ƙalau, alhali tana ganin ba haka ba ne. Sai ta yanke cewa gwajin ƙarya ne, ta biya ta kemis ta sayi maganin maleriya, a yi kwana uku ana jiran ya yi aiki, ainihin ciwon kuwa, ko na huhu ne ko na kunne ko na maƙogwaro, yana ƙara cin jiki. Katin ya kamata ya nuna yaro mai zazzaɓi a tsakiya, hanyoyi huɗu ko biyar suna shigowa gare shi, an soke ta sauro kaɗai, sauran suna buɗe. Abin da za ka faɗa kuwa: "Inna, ba a ce ba shi da ciwo ba. An ce ba na sauro ba ne, sai a nemi wanda ne." Sannan kati na uku, na alamomin da ba a jira da su ko mene ne gwajin ya nuna: jijjiga, amai da duk abin da aka ba shi, kasa shan nono ko ruwa, barcin da ba a iya tashinsa, numfashi da ƙyar. Waɗannan sai babban asibiti, a daren.

Akwai kuma rikicin mutumin da ya shanye magani, ya warke, bayan mako guda ya sake gwaji ya ga layi biyu, ya ce maganin jabu ne. Yawancin waɗannan robobi ba ƙwayar cutar suke gani kai tsaye ba, wani sinadarin da take saki a jini suke kamawa, kuma yakan yi makonni kafin ya gushe. A nan hoton da ya fi aiki ba na asibiti ba ne. Je gona ka ɗauko hoton sawun akuya a kan laka. Sawu na nuna akuya ta shiga gonar, ba ya nuna tana ciki har yanzu. Duk manomi zai gane wannan kafin ka rufe baki. In zazzaɓin ya dawo, madubin likita ne zai duba ko akuyar na nan.

Wannan hoton sawun zai sake yi maka aiki a kan gwajin taifot da ake kira Widal, mai lambobin nan 1:80 da 1:160. Shi ma ba ƙwayar taifot yake gani ba, martanin garkuwar jiki yake aunawa, wanda kan iya zama na tsohon ciwo, ko na wata cutar daban. Gwaji guda irin wannan ba ya isa a ce mutum na da taifot. Wanda ke tabbatarwa shi ne a rena jinin a ɗakin gwaji na wasu kwanaki a ga ko ƙwayar za ta tsiro. Mutane da yawa sun sha allurai da ƙarin ruwa a kan wannan 'yar lambar.

Tsargiya: jinin da ido ba ya gani

A bakin kanal kowa ya san fitsarin jini, har a wasu wurare ana ɗaukarsa alamar yaro ya fara girma. Ba girma ba ne, tsutsa ce. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ya shiga dodon koɗi, ya yi makonni yana ninkuwa, sannan ƙananan 'ya'yan su fito su huda fatar duk wanda ke tsaye a ruwan, mai wanka, mai wanki, mai dashe. Ba sai an sha ruwan ba. Su girma a jijiyoyin jini na kusa da mafitsara, ƙwansu ne ke raunata ta. In aka bar ta shekaru takan jawo ƙarancin jini, ta lalata mafitsara da ƙoda, a wasu har da sankarar mafitsara. A jikin mata takan taɓa al'aura da mahaifa, a yi ta maganin sanyi ba a dace ba, wani lokaci ma a shiga zargi tsakanin miji da mata a kan abin da ruwa ya jawo.

Gwajinta iri biyu ne da za ka gamu da su. Akwai 'yar siririyar takarda da ake tsomawa a fitsari, wani ɗan gida a jikinta ya sauya launi in akwai jini, a gwada shi da jerin launukan da ke jikin kwalbar. Akwai kuma duba ƙwan da madubin likita, wanda aka fi son a karɓi fitsarinsa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwan ya fi fita.

Matsalar bayani a nan ita ce uban da aka ce wa ɗansa na da jini a fitsari, alhali ya ga fitsarin da idonsa fari tas. Ɗauki hoton kofi biyu na gilashi, ɗaya da ruwa zalla, ɗaya da ruwan da aka narkar da gishiri a ciki. Ido ba ya raba su, harshe ne ke rabawa. Takardar nan ita ce harshen. Sai kati na biyu: hoton takardar kafin a tsoma da bayan an tsoma, gefe da gefe. Ka tuna ita jini take nunawa, ba tsutsa ba. Jinin al'ada, tsakuwar ƙoda ko wani ciwon mafitsara duk za su iya sauya launin, shi ya sa ma'aikacin lafiya ke yin tambayoyi kafin ya yanke.

Idan mai ɗakin gwaji ya yarda, za ka iya ɗaukar hoton ƙwan ta bakin madubin: ka riƙe kyamarar daf da inda ake sa ido, kana matsawa a hankali har da'irar haske ta cika sikirin. Yana buƙatar haƙuri, amma yana yiwuwa da kowace waya. Za ka ga ƙwan mai siffar ƙwallon dabino da ɗan tsini a ƙarshe. Sai dai hoton da aka ƙara wa girma yana da tarko: mutum zai ce ai da abu mai girman nan na fita daga jikinsa da ya ji. Ka fara nuna masa yadda kyamararka ke ƙara girman ƙwayar gero har ta cika sikirin, sannan ka nuna ƙwan. Dodon koɗin ma ka ɗauke shi kusa da tsinken ashana, domin ƙanana ne, ba irin manyan da mutane suka sani ba. Kada ka tsoma hannu a kanal don nemo shi.

Maganinta praziquantel, ana shan sa bayan an ci abinci. A rabon da ake yi a makarantu, sanda mai zane-zane ake jingina yaro da ita, tsawonsa ya nuna ƙwaya nawa zai sha, wadda ita ma dabarar gani-da-ido ce. Abin da katinka zai ƙara shi ne cewa maganin yana kashe tsutsar da ke jiki yau, ba ya hana wata shiga gobe. Wanda ya sake ganin jini bayan wata shida ba yaudararsa aka yi ba, ya koma a sake dubawa.

Inda za ka ja birki

Gwajin ciwon hanta nau'in B da na ƙanjamau su ma layi ɗaya ko biyu ne, amma kada kamannin ya ruɗe ka. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, don haka tabbas wata rana za a miƙo maka irin wannan takardar, galibi bayan gwajin aure ko na ba da jini. Kati ɗaya ya halatta ka riƙe: wanda ke nuna ba a ɗaukarsa ta cin abinci a kwano ɗaya, ko musafaha, ko gumi, cewa layi biyu mafarin bincike ne, sai an ƙara gwaje-gwaje a asibiti, cewa iyali su gwada, akwai rigakafi, kuma jariri a yi masa tasa cikin awa 24 da haihuwa. Na ƙanjamau kuwa, gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an tabbatar da wani daban, kuma akwai waɗanda aka horar musamman don wannan zance. Raka mutum wurinsu, ka tsaya a waje.

Sirri

Sakamakon gwajin wani amana ne, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa. Hotunan foldarka kada su ɗauki suna, fuska, ko lambar kati. Idan dole ka tura takardar wani ga ma'aikacin lafiya, nemi izininsa, rufe sunan da fensirin WhatsApp, tura wa mutum ɗaya, ba zauren 'yan unguwa ba. Danna alamar HD don layi mai dishi-dishi kada ya narke. In ka tura hoton a matsayin fayil, ingancinsa ya fi, amma yana iya tafiya da bayanin wurin da aka ɗauke shi, don haka kashe wannan a saitin kyamara. Tsarin gani-sau-ɗaya yana taimakawa, sai dai ba ya hana wani ɗaukar sikirin ɗin da wata wayar. Bayan an gama goge hoton, ka leƙa Google Photos ma, domin wataƙila ya riga ya hau can, kuma wayar gida hannu nawa take bi a yini.

Haka nan kada ka ɗora takardar kawu a Meta AI ko ChatGPT ka ce su yanke maka hukunci. Suna iya kuskuren karanta rubutun hannu ko layi mara ƙarfi, su kuma faɗa maka da cikakken ƙarfin gwiwa. Kada ma ka sa su zana maka robar gwaji, sukan sa harafi inda ba wurinsa ba.

Ranar nunawa

Kafin katin ya fita, mayar da shi wurin ma'aikacin lafiyar ya duba, ya gyara. Sannan gwada shi a kan mutum uku da ba su yi boko ba, irin gwajin da gwaggota ta yi mini: miƙa, yi shiru, tambayi me suka gani. Ga dattawan da suka fi sakewa da ajami, sa wani malami ya rubuta kalmomin da alƙalami a farar takarda, ka ɗauki hoto ka liƙa a ƙasan katin.

Ƙara hasken sikirin zuwa ƙarshe, ku zauna a inuwa, ka ba shi wayar ya riƙe da kansa. Ajiye robarsa ko takardarsa kusa da hoton, ya nemo wanda ya yi kama da nasa. A cikin gida, ƙanwarka ko yayarka ce za ta yi wa mata wannan, musamman zancen fitsari, don haka tura mata foldar ta Xender ko Bluetooth. Ga masu ƙaramar waya 'yar tocila, naɗi saƙon murya na minti ɗaya ga kowane kati, a sa musu a memori. Wanda ke da ɗan hali ya buga katunan a shagon kwamfuta, a like su da leda, a bar su a teburin asibitin, don ba kullum ake da caji ba.

Kada ka rufe da "Ka gane?", domin ba dattijon da zai ce wa ɗan cikinsa bai gane ba. Ce masa, "Baba, in mun koma gida Inna ta tambaye ka me aka ce, me za ka gaya mata?" In ya ce, "An ce ba ni da komai," koma kan katin hanyoyin nan, ku sake bi tare. In ya ce, "An ce ba na sauro ba ne, in jikin bai faɗa ba zuwa jibi in koma a sake dubawa," karɓi wayarka.